Fukafukan da Kiyashi Ya Ƙi

Fukafukai kawai muka tarar a ƙasan kejin Gimbiya, macen ƙoƙi-ƙoƙin gidan. Namijin da Kuo ya yi wata da watanni yana lallaɓawa, babu shi babu dalilinsa. Kofin robar da aka ajiye shi a ciki yana kwance a kan tebur, murfin a gefe. Ita kuwa Gimbiya tana rataye a reshenta, fara sol da ɗan ratsin ruwan hoda, ciki ya yi tim, tana goge fuska da hannu kamar wadda ta tashi daga walima.

"Ta cinye shi," in ji Kuo mai gyaran babura. Ya dafa bango. "Ta cinye mini shi tun ba a ɗaura ba!"

"Ƙila ya kuɓuce ne ya faɗa wurinta," in ji Inna Chun-tao, matar gidan, a hankali.

"Inna, ya kuɓuce, ya shiga keji, sannan ya miƙo hannu ya sa sakata ta waje?"

Duk muka dubi ƙofar kejin. Sakatar na nan a kulle ram. Daga nan kowa ya fara kallon kowa ta gefen ido.

Duk mai kiwon ƙoƙi-ƙoƙi a garinmu Puli ya san zuriyar marigayi Malam Liao, irin masu kama da fure ɗin nan da in sun zauna a reshe sai ka rantse tsiro ne. Shekara da shekaru ya yi yana tace su, uwa ta bar uwa, har aka zo kan Gimbiya, ita kaɗai ta rage. Matsalar wannan iri ita ce namiji yana riga mace balaga, ya tsufa ya mutu tana yarinya. Shi ya sa muke ajiye maza a wuri mai sanyi don su yi jinkiri, mata kuma a ɗumi. A duk garin, namijin Kuo ne kawai lokacinsa ya zo daidai da nata, kuma ranar nan ta Lahadi muka sa za a haɗa su a gabanmu, a cika ta da ƙuda, ana riƙe da hantsaki don kada ta cinye shi, yadda ake yi.

Sannan ga maganar alkawari. Da Malam zai cika, ya riƙe hannun matarsa, Inna Chun-tao, ya ce kada ta bar su. Ta ce ba za ta bar gidan ba muddin akwai ɗaya mai numfashi. In an samu ƙwai, Inna na nan tare da mu. In ba a samu ba, zuriya ta ƙare, 'yarta Pei-shan ta kwashe ta zuwa birnin Taichung, abin da ta daɗe tana nema. Kuma Pei-shan ɗin, jiya jiyan nan ta sauka a gidan ba sanarwa.

Tana tsaye a bakin ƙofa da hannu a harɗe. Ba ta taɓa shiga ɗakin ba sai ta toshe hanci.

"Me kuke kallona?" ta ce.

Ni dai a raina na gama shari'a, na yanke hukunci. Sunana Hsieh, ni nake kiwon ƙudan da duk ƙoƙi-ƙoƙin garin ke ci. Masoya suna ce mini Sarkin Ƙuda, maƙiya ma haka suke cewa. An san ni da saurin gane mai laifi, abin da ya rage kawai a ce na taɓa yin daidai.

Kuo ya ce sai an kira 'yan sanda. Tseng dillali, mai sayar da ƙwari ta waya, ya yi dariya ya ce a je a ce musu me, ƙwaro ya ci ƙwaro? A ƙarshe aka tura ni in kira Baba Pan.

* * *

Baba Pan ya yi ƙuruciyarsa a kan duwatsu yana farautar malam-buɗe-littafi, lokacin da rabin garin nan da fukafukansu yake ci. Da kasuwar ta mutu sai ya koma bin sawun aladen daji wa manoma. An ce yana iya duban ciyawa ya faɗa maka abin da ya wuce ta kanta da inda ya nufa. Na same shi a ƙofar gida yana taunar binlang, goron ƙasarmu, baki jawur.

"Namiji ya shiga wurin mace an cinye shi," ya ce bayan ya saurare ni. "A unguwarku wannan labari ne?"

Amma ya taso. Tsoho ne da ba ya iya jin an ambaci bin sawu ya ci gaba da zama.

Da muka isa bai dubi kowa ba. Ya gaida Inna, ya durƙusa gaban kejin ya daɗe yana kallon Gimbiya, ita ma ta juyo da kai tana kallonsa. Ya sa hantsaki ya zaro fukafukan.

"Sarkin Ƙuda, ba ni ƙuda guda."

Na ba shi. Ya murƙushe shi da yatsa, ya fita tsakar gida ya ajiye shi a kan dakali, ya jera fukafukan kusa da shi, ya ɗora ɗan dutse a gefensu don kada iska ta ɗauka. Na tambaye shi ko wani tsafi ne na mutanen dutse.

"Shanya nake yi," ya ce. "Kirawo mini su ɗaya bayan ɗaya. A kawo shayi."

* * *

Kuo ya fara zuwa, ido ya kaɗa.

"Yaushe ka kawo shi gidan nan?"

"Tsakiyar mako, Baba. Don ya saba da ɗakin."

"Wa ya sani?"

"Kowa! Har mai taliyar bakin kasuwa na faɗa wa."

"An ce Tseng ya taya shi."

"Ya taya, na hana. Ni Malam ne ya ba ni ƙwan farko da na ƙyanƙyashe. Zan hana matarsa namiji?" Ya share hanci da bayan hannu, ya rage murya. "Amma gaskiya na yi mafarki an cinye shi. Sau biyu. Har na ce wa matata ko in je in ɗauko abina."

Yana fita na raɗa wa Baba Pan cewa shi ne. Tausayi ya kama shi, ya dawo ɗaukar abinsa, hannu ya kuskure.

"Ɗazu ka ce mini yarinyar ce."

"Ɗazu ban ji wannan ba."

Tseng ya shigo yana latsa waya, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Ni ɗan kasuwa ne, Baba, ba na kashe haja. Da ni ne, da macen zan ɗauka."

"In zuriyar Malam ta ƙare, naka za su yi daraja."

"Nawa daga jirgi suke saukowa, nasa daga sama suka sauko. Ko ta ƙare mutane za su ce ai ba kamar na Malam ba." Ya kurɓi shayi. "Jiya da yamma na zo, ban musa ba. Lemo na kawo wa Inna. Na tarar da Pei-shan tana wa uwarta faɗa, har tana cewa da za ta samu ashana da ta ƙone ɗakin ƙwarin ta huta. Na ajiye lemona na fita."

Na sake matsawa kusa da kunnen Baba Pan. Ya ɗaga mini hannu tun ban buɗe baki ba.

Pei-shan ta ƙi zama.

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa," ta ce. "Kun san uwata ta faɗi a bayan gida da bazara? Ta kwanta a ƙasa har rana ta take kafin a ji muryarta. Ɗayanku ya sani? Ku dai Lahadi ta yi ku zo ku sha shayi, ku ce kai, Gimbiya ta yi saɓa, kai, Malam bai mutu ba. Babana ya mutu, Kawu Hsieh. Ni na ɗauko tokarsa bayan an ƙona gawar. Uwata ce ba ta mutu ba, ita kuma ba ku gani."

"Kin shiga ɗakin jiya?" in ji Baba Pan.

"Ban shiga ba. Amma wanda ya yi, ku nuna mini shi in saya masa abinci."

Maganarta ta sosa ni, don ban san da faɗuwar ba. Sai na rasa ko mai laifi ce ke magana haka ko mai gaskiya, kaina ya ɗaure tamau.

Inna ce ta ƙarshe. Ta taho tana dogara sandarta mai ƙafar roba, ta zauna da ƙyar. Ita da Baba Pan tare suka yi makarantar firamare.

"Chun-tao, kin ji motsi?"

"Kunnena ya yi nauyi, Pan."

"Wa kike zargi?"

"Ba kowa. Ƙwaro ne. Ku bar maganar nan haka, kowa ya tafi gida." Ta dubi ƙofar ɗaki inda 'yarta ta shige. "Ba ita ba ce. Ita ko taɓa kofin ba za ta iya ba."

"In babu ƙwai, za ki bi ta?"

Ta murza kan sandar. "In babu, ai babu," ta ce.

* * *

Kafin azahar gidan ya rikice. Kuo ya ce Tseng ne, Tseng ya ce Pei-shan ce, matar Kuo ta iso a kan babur ta ce ai a binciki mai ƙuda, tunda shi ne yake shiga kowane ɗaki ba sallama. Na rantse da kabarin ubana. Aka ce ubana ma an san halinsa. Ni da na zo kama ɓarawo, sai ga ni ina lissafin inda na yini jiya, har na fara shakkar kaina.

Sai Baba Pan ya tofar da binlang ɗinsa ya ce duk mu taru a dakali.

"Ku duba shanyata."

Mushen ƙudan ya ɓace a ƙarƙashin kiyashi, sun yi masa baƙi ƙirin, har sun fara jansa. Fukafukan kuwa suna nan fes. Layin kiyashin ma da ya zo kusa da su sai ya karkace, ya zagaye, ya wuce.

"Kun taɓa ganin kiyashi ya ƙi sabon nama?" in ji shi. "Fiffiken da aka cizge jiya yana da ɗan tsoka a gindinsa, da tuni sun yi gaba da shi. Kuo, sunsuna."

Kuo ya kai hanci, ya ɗago a firgice. "Kafur!"

"Kafur, wanda ake sa wa akwati don kada ƙwari su ci abin ciki. Wannan namijin ya daɗe da mutuwa, ƙila ma tun Malam na da rai. Daga akwatin gilashi aka ciro shi, irin na ado."

Muka dubi juna. Ai babu gidan da babu irin akwatin nan a Puli, kuma Malam ya raba wa kowannenmu nasa da hannunsa. Maimakon abu ya warware sai ya ƙara cukurkuɗewa.

"To, cikin da ta yi fa?" na ce.

"Ƙudanka ne, Sarki. An ɗura mata." Tsohon ya fara jin daɗin kansa, idonsa na ƙyalli. "Wanda zai wahalar da kansa ya nemo tsofaffin fukafukai, ba ya son kisa ne. Namijin yana da rai. Kuma wanda ya san kiwo ba zai bar shi a zafi ba."

Nan take aka buɗe akwatin babur ɗin Kuo, aka tarar da sifana da rigar ruwa. Aka buɗe motar Tseng yana zagi, aka tarar da lemo. Aka leƙa har firjin Inna.

"Kafin Malam ya sayi na'urar sanyi," in ji Baba Pan, "ina yake ajiye mazan?"

"Rumfar rijiya!" Ni na faɗa, har da ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

Pei-shan ta dubi uwarta. Ban san abin da ta gani a fuskar ba, amma sai ta yi wuf ta tare hanyar rijiyar.

"Ni ce," ta ce. "Ni na yi. Na jefa shi a kwata. Ba sai kun je ko'ina ba."

"Da wane hannu kika kama shi?" in ji Tseng. "Ke da ko gawar ƙuda sai kin yi ihu?"

Kuo ya ratse ta gefenta ya wuce, muka bi.

* * *

Hanyar rijiyar siririya ce, gansakuka ya rufe ta, don tunda aka ja famfo ba mai bi. Baba Pan yana gaba, a sunkuye, yana nuna mana da yatsa: nan an taka, nan an tsaya an huta, nan an dafa bango. Can sai na ga ya tsaya cak. Na leƙa ta kafaɗarsa. A gefen kowane taku akwai wani ɗan zagayayyen tambari a cikin gansakukan, kamar an danna murfin kwalba. Ya kai ya kawo, ya sake kaiwa ya kawo, har da na safiyar nan da ruwa bai gama taruwa a ciki ba.

Tsohon ya sa takalminsa a kan tambarin ya murje shi. Ya miƙe yana riƙe ƙugu.

"Sawu ya ɓace mini," ya ce. "Idona ya tsufa. Mu koma."

"Ya ɓace ina? Ga rumfar can!" in ji Kuo.

"Babu komai a ciki sai gizo-gizo. Na ce mu koma."

Ban taɓa jin Baba Pan ya ce sawu ya ɓace masa ba, kuma ban gane abin da ya sa ba a lokacin, ni da ke taƙama da saurin ganewa. Muka yi tsit. A cikin shirun nan ne muka ji shi, ɗan siririn kukan ƙuda yana bugun roba daga cikin rumfar.

Kuo ya banka ƙofar. A kan bakin rijiya, inda sanyi ke tasowa, ga sabon kofi an rufe shi da yadin sauro. An sa masa ɗan reshe, an jiƙa auduga, raɓar feshi ba ta ko bushe a jikin robar ba. Namijin yana rataye a sama, ɗan mitsitsi, lafiyarsa ƙalau, da rabin ƙuda a hannu.

Kuo ya fashe da kuka yana dariya. Sannan ya juyo, ya ga abin da mu duka muka gani. Inna Chun-tao ta biyo mu, tana tsaye a tsakiyar hanya, ƙafar sandarta tana danne cikin gansakuka.

"Ku bar mini 'yata," ta ce. "Ba ta san komai ba."

"Inna... ke?" in ji Kuo. "Don me?"

"Na so in sake shi a lambu, tsuntsu ya cinye shi ya hutar da ni. Na buɗe murfin, hannuna ya ƙi. Na ce to bari ya tsufa a nan shi kaɗai, ba wanda ya kashe shi. Sai na kasa barinsa da ƙishi." Ta ɗan yi murmushi. "Na so in bar kejin a buɗe a ce tsautsayi ne. Ban ma san na sa sakatar ba. Shekara talatin ina sa ta."

"Amma zuriyar Malam ce!"

"Na sani, Kuo. Ni ya riƙe wa hannu, ba kai ba." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Na gaji ne. In ta yi ƙwai, ɗaruruwa za su fito, kowanne da kofinsa, kowanne da ƙudansa, safe da yamma. Jikana ya fara tafiya, a waya na gani. Na ce in ta mutu ba 'ya'ya, ban karya alkawari ba, ƙarewa ya yi da kansa."

Tseng ya yi gyaran murya ya ce shi zai iya karɓar ƙwan. Kuo ya ce shi ma yana da wuri. Ni ma na ce wani abu makamancin haka. Inna ta girgiza kai.

"Bai ce in ba wani ba. Cewa ya yi kada in bar su."

"Mama," in ji Pei-shan, "mu tafi kawai. Yau. Na ga jakarki a ƙarƙashin gado, kin riga kin haɗa ta."

Inna ta daɗe tana kallon kofin da ke hannun Kuo. Sannan ta miƙa hannu.

"Jiya ba wanda ya san yana da rai sai ni," ta ce. "Yau kowa ya sani, har Malam da hotonsa ke kan teburin kakanni. Ba ni shi."

* * *

Ita ta haɗa su da kanta. Ta kunna turaren tsinke gaban hoton Malam, ta zauna a kujerarsa, ta ɗora namijin a bayan Gimbiya da ɗan reshe. Ta ce in miƙo ƙuda. Na miƙa, tana ba macen da hantsaki ɗaya bayan ɗaya don kada ta waiwaya. Namijin ya yi ta ɗari-ɗari, ya matsa, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa mata baya da hannuwansa, daga ƙarshe ya kama.

Kuo ya tafa sau ɗaya, ya ga shi kaɗai ne, ya mai da hannunsa aljihu.

Pei-shan ta shigo har tsakiyar ɗakin, ba ta toshe hanci ba. Ta tsaya a bayan uwarta, ta gyara mata wuyan riga, ta ce maganin gwiwa yana kan firji, safe da dare. Inna ta ce to, ba ta ɗago ba, don in ta ɗauke ido za a ci namijin. Muna ji ƙofar gida ta rufe.

Na raka Baba Pan zuwa bakin titi. Raina a jagule yake, na rasa ko murna zan yi ko me. An sami namiji, zuriya ta tsira, ba ɓarawo a cikinmu, amma ji nake kamar mun taru mun yi wa wata fashi da rana tsaka. Na tambaye shi, to yanzu wa ke da laifi.

"Ka tambayi kiyashi," ya ce. "Ni da na san inda sawun zai kai, da ban tashi daga ƙofar gidana ba."

Bayan 'yan makonni Gimbiya ta manna kumfar ƙwanta a reshe, doguwa, mai kyau. Na kai ƙuda gidan, na tarar da Inna a tsakar gida tana wanke ƙananan kofuna tana jerawa a rana, sun cika dakalin har ƙasa. A kan igiyar shanya kuma ga jakar tafiyar nan a rataye, baki a buɗe, babu komai a ciki.

"Sarki," ta ce, "wata mai zuwa ka ninka mini ƙananan ƙudan."